Yoga: Yadda ake daidaita jiki idan ƙugu da kafaɗu sun ƙage

Miliyoyin mutane a sassa daban-daban na duniya na yin yoga, wato tsarin nan na motsa jiki da sarrafa numfashi wanda ya samo asali daga ƙasar Indiya.

Sai dai da yawa daga cikin masu fara koyo kan ci karo da matsala tun a ranar farko, inda ƙugu zai ƙi buɗewa, kafaɗu kuma su ƙi ɗaguwa kamar yadda ake gani a hotuna.

Masana harkar ƙashi da gaɓoɓi na cewa ita ƙagewar ba ita ce hatsarin ba. Hatsarin na zuwa ne a lokacin da mutum ya matsa wa jikinsa sai ya kwaikwayi abin da ya gani, domin idan wata gaɓa ta ƙi motsawa, maƙwabciyarta ce ke ɗaukar nauyin.

Idan ƙugu ya ƙi, gwiwa da kwankwaso ne ke shan wahala. Idan kafaɗa ta ƙi, wuya da ƙasan baya ne ke ji a jikinsu.

Wani bincike da masana a Jami'ar Alabama da ke Birmingham a Amurka suka wallafa a 2016 ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2014 an kai mutane kusan dubu 30 sassan ba da agajin gaggawa na asibitocin ƙasar saboda raunukan da suka samu wajen yoga. Targaɗe da yagewar tsoka ne suka fi yawa, kuma 'yan shekara 65 zuwa sama ne suka fi kowa shiga hatsarin.

Me ake nufi da daidaita jiki?

A yoga, kowace irin tsayuwa ko zama ko kwanciya da mutum zai yi ya riƙe ta na ɗan lokaci ana kiranta asana a harshen Sanskrit, tsohon harshen ilimi na Indiya. A wannan bayani za mu riƙa kiranta siga.

Daidaita jiki shi ne jera ƙasusuwa da gaɓoɓi a cikin siga ta yadda nauyi zai rarrabu, kowace gaɓa ta yi irin motsin da aka halicce ta dominsa, numfashi kuma ya riƙa fita da shiga ba tare da sarƙewa ba.

Saboda haka ba a auna daidaito da yadda hannu ya kai ƙasa ko yadda goshi ya taɓa gwiwa. Mutumin da ya tsaya a rabin hanya bayansa a miƙe ya fi daidaito a kan wanda ya kai ƙarshe bayansa a tanƙware.

Daga ina wannan tunani ya fito?

Tsofaffin littattafan yoga ba su yi dogon bayani a kan jeruwar gaɓoɓi ba. Littafin Yoga Sutra na Patanjali, wanda ya ƙunshi gajerun jimloli kusan 196, kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka taɓo batun asana. Shi ma Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 sigogi 15 kawai ya bayyana, kuma da yawansu na zaune ne.

Yoga mai yawan tsayuwa da lanƙwasa da ake gani a yau ta bunƙasa ne a ƙarni na 20, musamman a birnin Mysore da ke kudancin Indiya, inda wani malami mai suna Tirumalai Krishnamacharya ya koyar a shekarun 1930 a ƙarƙashin kulawar sarkin garin.

Daga cikin ɗalibansa akwai ƙanin matarsa, B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a ƙauyen Bellur a watan Disambar 1918. Ya tashi cikin talauci da yawan laulayi, inda ya yi fama da zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka.

A 1934 ne ya koma Mysore, jikinsa a ƙage ta yadda ko sunkuyawa na yi masa wuya. Daga baya ya sha ba da labarin yadda aka sa shi ya ware ƙafafunsa gaba da baya har ƙasa a wajen wani nuni, ba tare da ya shirya ba, abin da ya yaga masa tsokar bayan cinya, ya kuma daɗe yana jinya.

A 1937 aka tura shi birnin Pune domin koyarwa. A can ne ya riƙa haɗuwa da tsofaffi da marasa lafiya da ma'aikata waɗanda jikinsu ba zai iya abin da samarin Mysore ke yi ba, sai ya fara gwada amfani da kayan da ke kusa: bulo, da igiya, da bargo, da kujera, da bango.

Haɗuwarsa da shahararren mai kaɗa gogen Turawa Yehudi Menuhin a 1952 ce ta buɗe masa ƙofar Turai. A 1966 ya wallafa littafinsa Light on Yoga mai ɗauke da sigogi kusan 200 da hotuna kimanin 600, sannan a 1975 ya buɗe cibiyarsa a Pune wadda ya sanya wa sunan marigayiyar matarsa Ramamani. Ya rasu a watan Agustan 2014 yana da shekara 95.

Abin da ya bari wanda kusan dukkan makarantun yoga suka ara shi ne wannan: idan hannu bai kai ƙasa ba, a ɗago masa ƙasar da bulo. Idan hannuwa biyu ba su haɗu ba, a haɗa su da ɗamara.

Me ke sa ƙugu ya ƙage?

Mahaɗar ƙugu ita ce inda kan ƙashin cinya, wanda yake a mulmule kamar ƙwallo, ya shiga wani gurbi mai zurfi a jikin kwatangwalo. Gaɓa ce mai ƙarfi da aka yi domin ɗaukar nauyin jiki, kuma tana iya juyawa ta kowane ɓangare.

Tsokoki da yawa ne suka kewaye ta. A baya akwai tsokoki uku da suka taso daga ƙashin mazaunai suka gangara har ƙasan gwiwa. A gaba akwai wata doguwar tsoka da ta taso daga ƙashin baya ta ratsa ta cikin kwatangwalo ta kama ƙashin cinya, wadda ita ce ke ɗaga cinya sama. Akwai kuma na cikin cinya, da wasu ƙanana a can cikin mazaunai masu juya ƙafa waje.

Jiki na sabawa ne da abin da aka saba masa. Mutumin da ke wuni a kan kujerar ofis ko ta mota, ƙugunsa na shafe sa'o'i a lanƙwashe a wuri ɗaya, kuma sannu a hankali yakan rasa wani ɓangare na motsinsa.

Wannan ne ya sa zaman tanƙwashe ƙafa bai cika wahalar da mutanen karkarar Indiya ba, waɗanda a ƙasa suke cin abinci da hira. Haka ma abin yake a ƙasar Hausa ga wanda ya tashi yana zama a kan tabarma yana kuma tsugunawa, sai dai shekarun aikin ofis na iya rage wannan sabo ko ga wanda ya tashi da shi.

Tsoka ce ko ƙashi?

Wani abu da ba kasafai ake gaya wa masu koyo ba shi ne, ba kowace ƙagewa ce ta tsoka ba. Ƙirar ƙashin mutane ta bambanta kamar yadda fuskokinsu suka bambanta.

A jikin akasarin manya, kusurwar da ke tsakanin wuyan ƙashin cinya da gangar ƙashin tana tsakanin digiri 120 zuwa 135. Haka kuma gurbin da ke jikin kwatangwalo na wani na da zurfi, na wani bai kai haka ba, na wani ya fi kallon gaba, na wani kuma gefe.

A 2003 likitan ƙashi Reinhold Ganz da abokan aikinsa a birnin Bern na ƙasar Suwizaland suka yi cikakken bayani a kan wani yanayi inda wuyan ƙashin cinya ke dukan bakin gurbin idan aka lanƙwasa ƙugu sosai, abin da kan lalata guringuntsin wurin idan aka yi ta maimaitawa.

Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabewa. Idan mutum ya ji ana jan tsoka a bayan cinya ko a cikin cinya, wato ta ɓangaren da ake miƙewa, kuma jan na sassautawa idan ya yi numfashi, to wannan tsoka ce, kuma za ta iya sakewa da sannu.

Idan kuwa ya ji matsi ko suka a gaban ƙugu, ta wajen matsematsi, kamar abu ya tokare, to mai yiwuwa ƙashi ne ya haɗu da ƙashi. Babu yawan atisayen da zai sauya wannan, abin da ake yi shi ne sauya wa ƙafa wuri, a ɗan ware ta ko a ɗan juya ta, ko kuma a rage zurfin sigar.

Ita kuma kafaɗa fa?

Kafaɗa kishiyar ƙugu ce ta fuskar ƙira. Gurbinta ba shi da zurfi, shi ya sa ta fi kowace gaɓa yawan motsi, shi ya sa kuma ta fi saurin gocewa. Wasu ƙananan tsokoki huɗu ne da suka taso daga allon kafaɗa ke riƙe kan ƙashin dantse a mazauninsa.

Idan mutum ya ɗaga hannu daga gefensa har saman kansa, ya yi motsin kimanin digiri 180. Kusan 120 daga ciki na fitowa ne daga ita mahaɗar, sauran 60 kuma daga juyawar allon kafaɗa a kan haƙarƙari.

Wannan na nufin umarnin da wasu malamai kan bayar, cewa a danne kafaɗu ƙasa a kowane hali, bai dace da lokacin da hannu ke sama ba. Dole allon kafaɗa ya juya sama tare da hannun, in ba haka ba sararin da jijiyoyi ke bi a ƙarƙashin ƙashin saman kafaɗa na iya matsewa.

Abubuwan da suka fi hana hannu ɗaguwa su ne taurin tsokokin ƙirji, da na faffaɗar tsokar da ta taso daga ƙasan baya ta kama dantse, da kuma ranƙwafewar saman baya irin ta mai yawan duƙufa a kan kwamfuta ko wayar salula.

Sigogin zaune

Zaman tanƙwashe ƙafa, wanda ake kira Sukhasana, shi ne yawanci ake farawa da shi. Alamar ƙagaggen ƙugu a nan ita ce gwiwoyi su tashi sama su fi ƙugu tsawo, kwatangwalo ya kife baya, baya kuma ya tanƙware.

Maganin shi ne a zauna a bakin bargon da aka ninka, a yi ta ƙara ninki har sai gwiwoyi sun dawo daidai da ƙugu ko sun ɗan yi ƙasa da shi. Idan har yanzu gwiwoyin na rataye, sai a tallafe su da matashi. Wanda duk wannan bai yi masa ba, zama a kan kujera tafin ƙafa a ƙasa ya wadatar.

Padmasana, inda ake ɗora kowace ƙafa a kan ɗaya cinyar, ita ce sigar da aka fi sanin yoga da ita, ita ce kuma ta fi yin suna wajen lalata gwiwa.

Dalili kuwa shi ne sigar na buƙatar cinya ta juya waje sosai daga ƙugu. Gwiwa kuma an yi ta ne musamman domin lanƙwasawa da miƙewa, juyawarta kaɗan ce. Idan ƙugu bai juya ba, mutum ya kama ƙafa da hannu ya ja ta sama, murɗawar na sauka ne a kan guringuntsin da ke cikin gwiwa, wanda zai iya yagewa.

A irin wannan hali mutane kan yi ta shafa magani a gwiwa, an bar jaki ana dukan taiki, alhali tushen matsalar na ƙugu. Ƙa'idar da malamai suka yi ittifaƙi a kanta ita ce, duk wani zafi a cikin gwiwa alama ce ta a saki sigar nan take.

Hanya mafi aminci ta sassauta waɗannan tsokoki ita ce a kwanta rigingine, a ɗora idon sawun dama a kan cinyar hagu kusa da gwiwa, sannan a jawo cinyar hagun zuwa ƙirji. A nan ƙasa na tallafe da baya, kuma nauyin jiki ba ya kan gwiwa.

Lanƙwasawa gaba

A sigogi irin su Uttanasana, wato sunkuyawa daga tsaye, da Paschimottanasana, wato sunkuyawa daga zaune ƙafafu a miƙe, abin da ake so shi ne kwatangwalo ya kifo gaba a kan ƙasusuwan cinya, baya kuma ya biyo shi a miƙe.

Idan tsokokin bayan cinya na da tauri sukan riƙe kwatangwalo, sai mutum ya rama ta hanyar tanƙwara kwankwaso. Wannan na ƙara matsi a kan faya-fayan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan baya.

Gyaran farko shi ne a ɗan lanƙwasa gwiwoyi, domin hakan na sassauta tsokokin ya bar kwatangwalo ya motsa. Daga tsaye, a ɗora hannuwa a kan bulo biyu ko a kan mazaunin kujera. Daga zaune, a hau kan bargo, a zagaya tafin ƙafa da ɗamara a riƙe bakinta biyu, ƙirji a ɗage.

A tsakiyar tsoka ya kamata a ji jan. Idan aka ji shi a daidai ƙashin mazaunai, inda jijiya ta kama ƙashi, to a ja baya, domin raunin wannan wuri kan ɗauki watanni kafin ya warke.

Sigogin tsaye

A Virabhadrasana ta biyu, mutum kan ware ƙafafu ya lanƙwasa gwiwar gaba, hannuwa a miƙe gefe da gefe. Idan ƙugu ya ƙage, gwiwar gaban kan faɗo ciki.

Abin lura a nan shi ne ƙoƙon gwiwa ya kalli inda yatsun ƙafa na tsakiya ke kallo, gwiwar kuma ta tsaya a saitin idon sawu. Idan hakan bai samu ba, a rage tazarar ƙafafu, a kuma bar kwatangwalo ya ɗan juya wajen ƙafar gaba maimakon a tilasta masa kallon gefe sak.

A Trikonasana, inda ake karkata gangar jiki gefe a kan miƙaƙƙiyar ƙafa, kuskuren da aka fi yi shi ne son kai hannu ƙasa ko ta halin ƙaƙa, abin da kan sa ƙirji ya kife ƙasa, mazaunai su fita baya. Ɗora hannu a kan ƙwauri ko a kan bulo da aka tsayar ta tsawonsa na barin ɓangarorin jiki biyu su miƙe daidai. Wasu malamai kan sa ɗalibi ya jingina bayansa da bango domin ya ji inda ya karkace.

A sigogin da ake tura ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, tsokar gaban ƙugu ta ƙafar baya ce ake miƙewa. Idan tana da tauri takan ja kwankwaso ya lotsa ciki. A nan sai a sauke gwiwar baya a kan bargo, a ɗan tattaro mara, a kuma bar tazara tsakanin ƙafafun ta gefe, kada su hau layi ɗaya.

Sigogin da ke buƙatar kafaɗa

Gwaji mafi sauƙi shi ne mutum ya tsaya ya jingina bayansa da bango ya ɗaga hannuwa sama. Idan kafin hannuwan su kai, haƙarƙari ya bulluƙo gaba, kwankwaso ya rabu da bango sosai, to baya ne ke yi wa kafaɗa aikinta.

Mai irin wannan jiki sai ya ware hannuwa su fi faɗin kafaɗu, ya tsayar da su a inda haƙarƙari bai fara fita ba, ko da a gaban fuska ne.

Adho Mukha Svanasana, inda tafin hannu da na ƙafa ke ƙasa mazaunai kuma a sama, na buƙatar kafaɗa da bayan cinya a lokaci guda. Ana sauƙaƙa ta da ware hannuwa kaɗan, da ɗan juya yatsu waje, da lanƙwasa gwiwoyi. Ba dole ba ne dunduniya ta taɓa ƙasa. Wanda wuyan hannunsa ko kafaɗarsa ke ciwo zai iya dafa kujera ko bango a daidai tsawon ƙugu, ya ja da baya har bayansa ya miƙe.

A Gomukhasana ana so hannu ɗaya ya biyo ta sama, ɗaya ta ƙasa, su haɗu a tsakiyar baya. Mutane da dama ba sa iya haɗa su, sukan tura kai gaba suna murɗa wuya. Riƙe ɗamara ko tawul tsakanin hannuwan na kawar da wannan matsala.

Chaturanga Dandasana kuma, wadda ke kama da sauka ƙasa a atisayen sojoji na dafa ƙasa, ƙarfi take buƙata fiye da laushi. Ƙa'idarta ita ce kada kafaɗu su sauka ƙasa da gwiwar hannu, kada kuma kawunansu su kife gaba. Wanda bai da ƙarfin riƙe wannan sai ya sa gwiwoyinsa a ƙasa. A makarantun da ake maimaita ta sau da yawa a zama ɗaya, tana daga cikin manyan dalilan ciwon gaban kafaɗa.

Sigogin da aka fi jan kunne a kansu su ne na juyar da jiki, wato tsayuwa a kan kai da tsayuwa a kan kafaɗu. A ta biyun, wuya kan lanƙwashe kusan digiri 90, kuma idan kafaɗu ba su iya ɗaukar nauyin ba, a kan ƙasusuwan wuya yake sauka.

A makarantun Iyengar ana jera barguna a ƙarƙashin kafaɗu, kai kuma a ƙasa, domin rage lanƙwasar wuyan. Ga mai ƙagaggun kafaɗu, abin da ya fi shi ne ya kwanta rigingine ya jingina ƙafafunsa a bango, ya bar sauran sai a gaban ƙwararren malami.

Yaushe ake ganin canji?

A shawarwarin da ta fitar a 2011, Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta ce a riƙa miƙe manyan tsokoki aƙalla kwana biyu zuwa uku a mako, a riƙe kowace miƙewa daƙiƙa 10 zuwa 30, a maimaita har jimillar ta kai daƙiƙa 60. Ga tsofaffi kuma, riƙewa ta daƙiƙa 30 zuwa 60 ta fi amfani.

Ta kuma ce a tsaya a inda aka ji tauri ko ɗan rashin daɗi, kada a kai ga zafi, sannan miƙewa ta fi tasiri idan jiki ya ɗumama, misali bayan 'yar tafiya.

Bincike ya nuna cewa a makonnin farko, yawancin ƙarin motsin da ake samu na zuwa ne daga yadda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ke sabawa da jan, ba wai tsokar ce ta ƙara tsawo ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa numfashi a natse ke taimakawa, fizga da gaggawa kuma ke sa tsoka ta ƙara ɗaurewa.

Numfashi ne ma'aunin da ya fi sauƙi. Duk sigar da ta sa mutum ya riƙe numfashi ko ya cije haƙora, to ya wuce iyakarsa ta wannan rana. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Haka kuma laushi kaɗai ba ya isa. Masu jiki mai laushi ƙwarai su ma na samun rauni, domin gaɓoɓinsu kan wuce iyaka ba tare da sun ji gargaɗi ba. Ƙarfafa tsokokin mazaunai da na ciki da na kewayen allon kafaɗa na tafiya ne tare da miƙewa.

Lokacin da ya kamata a ga likita

Ba kowace ƙagewa ce atisaye ke magancewa ba. Zafi mai suka, ko kumburi, ko sagewar hannu ko ƙafa, ko ciwon da ke tada mutum daga barci, ko gaɓar da ke maƙalewa, duk alamu ne na a dakata a nemi likitan ƙashi ko jami'in sashen gashi na asibiti.

Akwai wata cuta da ke sa kafaɗa ta sandare a hankali tare da zafi, wadda ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, musamman masu ciwon sukari. Takan ɗauki shekara guda zuwa uku, kuma matsa mata da ƙarfi na ƙara zafin ne kawai.

Masu cutar sikila na da dalili na musamman na yin hattara. Cutar kan toshe hanyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya da na dantse, har ƙashin ya fara mutuwa, kuma alamar farko takan kasance ciwo da ƙagewar ƙugu ko kafaɗa. Najeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da wannan cuta, don haka duk mai ita da ya ji ƙugunsa ya riƙe, hoton ƙashi ya kamata ya fara nema.

Masu hawan jinin ido an shawarce su da su guji duk sigar da kai ke yin ƙasa da zuciya, domin tana ƙara matsin da ke cikin ido. Masu raunin ƙashi irin na tsufa kuma su guji tanƙwara baya sosai, saboda ƙasusuwan bayan na iya tsagewa. Mata masu juna biyu, da masu hawan jini, da waɗanda aka yi wa aikin sauya mahaɗar ƙugu, su nemi shawarar likita kafin su fara.

Duk da haka, likitoci ba su ɗauki yoga a matsayin abu mai hatsari ga yawancin mutane ba. A 2017 Kwalejin Likitocin Amurka ta sanya ta cikin hanyoyin da ta ba da shawarar a fara gwadawa kafin shan magani ga masu fama da daɗaɗɗen ciwon baya.

Yoga a ƙasashen Musulmi

Kasancewar yoga na da tushe a addinin Hindu ya sa an yi muhawara a kanta a wasu ƙasashen Musulmi.

A watan Nuwamban 2008 Majalisar Fatawa ta Ƙasa a Malesiya ta haramta wa Musulmi yin ta, tana mai cewa ta ƙunshi abubuwan ibadar Hindu. Firayim Ministan ƙasar na lokacin, Abdullah Ahmad Badawi, ya ce Musulmi na iya yin ta domin lafiya muddin babu karanta addu'o'in Hindu a ciki.

A watan Janairun 2009 Majalisar Malaman Indunusiya ta hana yogar da ta haɗa da irin waɗannan addu'o'i da ibadu, amma ta halatta wadda ta tsaya ga motsa jiki kawai. A 2017 kuma hukumomin Saudiyya suka sanya ta cikin jerin wasannin motsa jiki da ake ba da lasisin koyarwa.

A watan Disambar 2014 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 21 ga watan Yunin kowace shekara a matsayin Ranar Yoga ta Duniya, bisa shawarar Indiya, aka kuma fara bikin a 2015.

Ƙa'idojin kare gwiwa da kwankwaso da wuya da aka zayyana a sama dai sun shafi ƙirar jikin ɗan Adam ne, saboda haka suna aiki ga duk mai miƙe gaɓoɓinsa, ko a ajin yoga ne, ko a filin wasa, ko a sashen gashi na asibiti.